Sabuwar Shekara: Ranar Murna, Ranar Lissafi

Darasi domin iyali. A karanta shi da dare bayan tuwo, a makon ƙarshe na watan Disamba. Kafin a soma, yaro mai karatu ya karanta wa kowa Farawa sura 41 da Nehemiya sura 8.

Ni da nake rubuta muku wannan darasi manomi ne kamarku, dattijo ne kuma a wata ƙaramar ikkilisiya a ƙasar Bande, a kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Magarya. Ilimina bai wuce na firamaren mishan ba. Amma akwai wani karatu da na yi a kan ranar ɗaya ga Janairu, na kuwa biya kuɗinsa da tsada. Ina so ku same shi kyauta.

YADDA RANAR TAKE ISKE MU

A ƙasarmu sabuwar shekara tana zuwa cikin ɗari. Iskar hunturu ta taso, ƙura ta dushe rana, yara suna kewaye da wutar kara da sassafe. Gawo, wanda ya kaɗe ganyensa duk damina, yanzu ya yi kore a gonaki. A fadamun Korama ana saran rake. Samari sun manne wa rediyo suna jin kokowar takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975, a shekarun nan kuwa an fi yin ta a ƙarshen Disamba. Hatsi yana rumbu. An sayar da wake da gyaɗa da riɗi, akwai ɗan abu a aljihu.

Ran 31 ga wata da dare masu bi sukan taru a majami'a, daga nan har Dungas. A raira waƙoƙi, a ba da shaida, a durƙusa sa'ad da dare ya raba. Kashegari ranar hutu ce a dukan Nijar. A yi sujada, a dafa abinci, yara su bi gida gida suna cewa bonane, a ba su alewa ko 'yan daloli. Wannan duka yana da kyau, ban zo in hana kowa ba.

Amma ku lura da lokacin da ranar take faɗuwa. Wata uku ke nan da girbi, saura kuwa wata tara kafin wani girbi. Rumbu yana cike a ido, yunwa tana nesa, ba a jin motsinta. A dukan shekara babu lokacin da rumbu ya fi ruɗin maigida kamar wannan.

MAFARIN SHEKARA BA ƊAYA BA NE

Idan ka tambayi mutum uku a kasuwa yaushe shekara take somawa, kana iya samun amsa uku, ba kuwa wanda ya yi ƙarya.

Na fari tsohon manomi ne. Shi daga kaka yake ƙidayar watanni, har ya kai watan shuka. Domin wannan ne ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Arnan dā sukan buɗe shekararsu da buɗin daji, har yanzu ana yinsa a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, inda mutane ke taruwa su ji abin da za a ce a kan damina mai zuwa. Mu ba mu neman labarin gobe ta wannan hanya. Amma tambayar da take kai su can, wato ko za a sami hatsi bana, ita ce take damun kowane mai iyali.

Na biyu maƙwabcinmu Musulmi ne. Shekararsa tana somawa da watan Muharram, ana ƙidayarta daga hijirar da aka yi daga Makka zuwa Madina a shekara ta 622. Shekarar wata ce, kwana 354 ko 355, ta kasa tamu da wajen kwana goma sha ɗaya. Shi ya sa take zagayawa, wani lokaci cikin damina, wani lokaci cikin rani. A 2008 ma sau biyu ta kama, ɗaya a Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. A cikin watan ne ake cika-ciki, taubasai su biya shara, mutanen Agadas su yi bikin Biyanu. Akwai abin koyi a nan: gidaje da yawa da naman layya da suka soya suka ajiye tun watan da ya wuce suke yin cika-cikinsu, ba su ci sabon bashi ba, sukan kuma aiko mana da rabonmu.

Na uku ɗan makaranta ne ko ma'aikaci, shi zai ce ɗaya ga Janairu. Wannan ƙidaya daga Roma ta fito. Yuliyas Kaisar ya gyara ta shekara 45 kafin haihuwar Almasihu. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sāke gyara ta, aka tsallake kwana goma, mutane suka kwanta ran 4 ga Oktoba suka tashi ran 15. Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, kafin nan kuwa ran 25 ga Maris shekararta take somawa. A wurinmu, bayan da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, ƙidayar ta shigo tare da haraji da makaranta da takardun gwamnati.

Ko Kirista ma ba dukansu suke bin Janairu ba. A ƙasar Habasha sabuwar shekara tana kamawa ran 11 ga Satumba, wani lokaci ran 12, sa'ad da manyan ruwaye suka ɗauke. Watanninsu goma sha uku ne, sha biyu masu kwana talatin talatin, da wani ƙarami mai kwana biyar ko shida.

Me wannan yake koya mana? Mutane ne suka ajiye ranar, kamar yadda akan kafa dutse a iyakar gona. Ba ta da wani iko ko sa'a a cikinta. Na ji samari suna cewa yadda ranar ta iske ka haka shekarar za ta ƙare maka, in ta same ka ba sabuwar riga, ba nama, to, tsiya ce har Disamba. Wannan camfi ne, shi ne kuwa yake tura mutane gidan mai ba da bashi. Kada mai bi ya ji tsoronsa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu kiyaye ɗaya ga Janairu. Wanda bai yi biki ba bai yi zunubi ba. Duk da haka akwai abubuwa uku da suke haskaka mana ranar.

Na ɗaya, a Fitowa sura 12 Ubangiji ya sa Isra'ilawa su soma ƙidayar watanninsu daga watan da ya fisshe su daga bautar Masar. Mafarin shekararsu tunawa ce da ceto. Tsaron daren da muke yi ma haka yake. Masu bi na Morabiya a Jamus suna yinsa tun ƙarni na 18, John Wesley ya ɗauka ya yaɗa shi a Ingila. Daren 31 ga Disamba 1862 baƙaƙen fata a Amurka sun kwana a majami'u suna addu'a, gama kashegari ne dokar shugaba Abraham Lincoln ta 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye za ta soma aiki. Waɗannan mutane ba su da tufafi sababbi a daren nan, amma wa zai ce ba su yi murna ba?

Na biyu, Luka sura 2 ta faɗa mana cewa a rana ta takwas aka yi wa jaririn Maryamu kaciya, aka raɗa masa suna Yesu. Littafi bai faɗi ranar haihuwarsa ba, amma tun da ikkilisiya ta ajiye 25 ga Disamba domin tunawa, ka ƙidaya da yatsunka, rana ta takwas ita ce ɗaya ga Janairu. Mu Hausawa mun san ranar suna. To, ga abin da za ka gaya wa yaranka: yau muna tuna sunan Mai Ceto, da sunansa kuma muke shiga shekara.

Na uku, a Nehemiya sura 8 jama'a sun taru ran ɗaya ga watan bakwai, aka karanta musu Shari'a, suka fashe da kuka. Shugabanni suka hana su kuka, suka sallame su su je su ci mai daɗi su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su shirya kome ba. Ashe, cin abinci mai kyau ran biki ba laifi ba ne. Amma an haɗa shi da jin Magana, da tunawa da wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba.

KUSKUREN DA NA YI

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya same ni, ko da yake da kunya.

Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wurare da yawa na ƙasar. Abin da na samu bai kai na kullum ba. Da Disamba ta zo ƙarshe, dami saba'in da biyar suka rage mini. A makon nan wani tsarana ya komo daga Kano da atamfa da takalma, matarsa da 'ya'yansa suka fito ran Kirsimati kamar 'ya'yan sarki. Nawa suna tsaye a gefe da tufafin bara. Abin ya tsaya mini a rai, na ce ran sabuwar shekara sai an san ni ma namiji ne.

Na sa aka sussuke dami ashirin, na kai kasuwa. Na sayo atamfa, da shinkafa, da mai, da bunsuru. Sa'ad da ake fitar da hatsin, uwargidana ta ce, "Maigida, ka leƙa rumbun nan kuwa?" Na ce, "Ke dai ki dafa, Allah yana nan." Mahaifiyata tana zaune a bakin ɗakinta tana jin rana. Ta ce, "Ɗan nan, ka manta shekarar El-Buhari? Ubanka bai taɓa awon hatsi ya kai kasuwa a watan ɗari ba." Na ce, "Inna, wannan zamani dabam ne." Ba ta ƙara magana ba.

Aka yi biki, aka ci aka sha, mutane suka yaba mini. Rana ɗaya ke nan.

Tsakiyar watan Yuni, ana cikin shuka, uwargida ta shiga rumbu ta fito da ƙwarya wofi. Muka ci irin da na ajiye domin maimai. Hatsin da na sayar a Disamba, na koma saye da ninkinsa har da ƙari, gama 2005 shekarar yunwa ce a Damagaram da Maraɗi. Na ci bashi wurin wani ɗan kasuwa, tiya ɗaya a biya biyu da kaka. Na shiga ƙwadago a gonakin mutane domin awon yini, tawa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. A watan Agusta autarmu ta rame, gashinta ya yi ja, uwarta ta goya ta zuwa Magarya inda ake jiyyar yara masu tamowa. Da atamfar bikin nan ta goya ta. Allah ya ji tausayinmu, yarinyar ta rayu, yau tana da nata 'ya'ya.

Wanda ya ba ni irin wake na shuka a tsakanin hatsi maƙwabcina ne, malami Musulmi. Na je ina sunkuyar da kai, na ce, "Malam, na zo da kunya." Ya ce, "Haba maƙwabci, wa ya ƙi wani a irin wannan shekara?" Bai karɓi ko dala ba. Bashin ɗan kasuwa kuwa sai da na yi kaka biyu kafin in fita.

Ban ce da ban sayar ba da ba mu sha wuya ba. Shekarar mai tsanani ce ga kowa. Amma daga baya na zauna na lissafta. Gidana yana cin tiya biyu a yini, damina kuwa yana ba da wajen tiya shida. Dami ashirin abincin kwana sittin ke nan. Da ya kai mu tsakiyar Agusta, gab da tumu. Wata biyu na noma na cinye a yini ɗaya, domin mutane su ce madalla. Da na ce Allah yana nan, gaskiya na faɗa, amma ba bangaskiya ce ta sa na faɗa ba, girmankai ne. Shaiɗan ma ya taɓa ce wa Ubangijinmu ya diro daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji kuwa ya ƙi, gama ba a gwada Allah. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

LISSAFIN RUMBU

Yusufu a Masar bai jira yunwa ta zo ba. Tun shekarun ƙoshi ya ba Fir'auna shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a ajiye. Allah ne ya nuna masa abin da ke zuwa, amma awo da ajiya da hannu aka yi su. Mu ba mu bukatar mafarki, gama kowa ya san watan Agusta yana zuwa kowace shekara.

Ga yadda za ka yi, ya ɗan'uwa, kafin ka yanka kome. Ka kira matarka, gama ita take awo, ta fi ka sanin abin da gida yake ci. Daga ɗaya ga Janairu zuwa ƙarshen Satumba kwana 273 ne. Idan kuna cin tiya biyu a yini, kuna bukatar tiya 546, wato buhu goma sha huɗu ba kaɗan, in buhun mai tiya arba'in ne. Ku ɗauki dami ɗaya matsakaici ku sussuke, ku auna. In ya ba da tiya shida, dami 91 kuke bukata. Sa'an nan ku ƙidaya abin da yake rumbu. Wanda bai iya alƙalami ba ya yi da tsakuwa, ko ya sa ɗan makaranta ya rubuta.

Kada ku manta da abin da ba ya shiga tukunya: iri na shuka da na maimai, rabon Ubangiji, haraji, kayan makarantar yara, magani, da baƙo wanda ba ya sallama tun jiya. Iri kuwa a ware shi dabam, a ɗaure, kada hannu ya kai gare shi.

In lissafi ya nuna akwai saura, ku gode wa Allah, ku yi biki daga cikin sauran. In ya nuna gibi, to, gara ka sani a Janairu da ka sani a Yuni, gama yanzu akwai dabara. Akuyar da za ka yanka, ka sayar ka sayi hatsi tun yana da sauƙi. Da damina bisashe sukan faɗi, hatsi ya hau, sai ka ba da akuya biyu a kan abin da ɗaya za ta saya yau. Akwai aikin garka, akwai aikin rake. Mai tafiya ci-rani ya tafi da wuri, ya san abin da ya je nema, ya komo kafin ruwan shuka. Kada kuwa ya rufe rumbu ya tafi bai bar wa matarsa abin da zai kai su ba. Wannan ba halin mai bi ba ne.

Ikkilisiya ma tana iya yin rumbun tsimi. Kowane gida ya kawo abin da ya iya da kaka, a sa amintattu biyu ko uku su riƙe, har da mace a cikinsu, a rubuta kome, kada a buɗe sai watan Yuli. Gwauruwa da marayu su ne na fari.

LISSAFIN ZUCIYA

Kada wani ya ce dattijo ya koya mana rowa. Ubangiji ya ba da misalin wani mai arziki a Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci shekara da shekaru. A daren nan aka karɓi ransa. Shi ya ƙidaya hatsinsa sarai, kwanakinsa ne bai ƙidaya ba, bai kuma tuna da Allah ko maƙwabci ba. Zabura ta 90 roƙo ce ga Allah ya koya wa mutum lissafin kwanakinsa domin ya yi hikima. Lissafin nan biyu tare suke tafiya.

Wa ya san abin da shekara take ɗauke da shi? A Janairun 1984 ba wanda ya san Nijeriya za ta rufe iyaka a watan Afrilu, damina kuma ta ƙi. Ran 12 ga Janairu 1994 muka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Ran 16 ga Janairu 2015, mako biyu bayan 'yan'uwanmu na Damagaram sun yi wa juna barka da shekara, aka ƙone majami'u a birnin, kashegari aka yi haka a Yamai. A cikin wannan wuta akwai Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu, kada mu manta da su. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka sāke rufe iyaka har watan Maris na 2024, mu da muke ci muna sha da kasuwannin ƙetare muka ji a jikinmu. Domin wannan Yakubu ya gargaɗi masu cewa za su je gari kaza su yi shekara suna ciniki, ya ce su riƙa jingina shirinsu ga yardar Ubangiji.

Tun da ba mu san ko za mu ga wata Janairu ba, akwai abin da bai kamata ya ƙetare daren nan ba. Bashin da kake iya biya, ka biya. Wanda ba ka iya ba, ka je ka yi magana da mai shi, kada ka riƙa sauya hanya. In akwai ɗan'uwan da kuka yi faɗa a kan iyakar gona, ko kan dabbar da ta shiga wake, ka je gidansa tun rana ba ta faɗi ba. 'Yar'uwa, in ke da matar ƙanen mijinki ba kwa gaisawa, ki kai mata wuta ko gishiri, magana za ta biyo. Wane amfani ne mu durƙusa a tabarma ɗaya da tsakar dare alhali zukatanmu suna ba juna baya?

Ka tuna da itacen ɓauren nan na Luka sura 13, wanda ya yi shekara uku ba 'ya'ya. Mai gona ya ce a sare shi, mai aiki ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya, ya yi masa kaftu ya zuba taki. Duk wanda ya ga sabuwar shekara, shi ne itacen nan. An ƙara masa lokaci, da nufi kuwa aka ƙara.

YADDA IYALI ZA SU KIYAYE RANAR

1. Kafin 31 ga wata, miji da mata su yi lissafin rumbu, su yanke abin da za a kashe. Kada a ci bashi domin biki, kada a taɓa iri.

2. A sulhunta da wanda ake faɗa da shi, a biya abin da ake iya biya.

3. Da dare a je majami'a tare. In garinku ba majami'a, ko kuna gida ɗaya tak, ku taru a tsakar gida. Kowa har ƙaramin yaro ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa bana. A ambaci waɗanda suka rasu, a yi addu'a domin waɗanda suke ci-rani a Nijeriya, da Libiya, da Aljeriya.

4. Kashegari a dafa abin da aka iya. In kaza ce, madalla. In shinkafa da wake ce da ɗan mai, madalla. Tufa wankakkiya ta isa shiga gaban Allah. Gidaje uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su yanka dabba ɗaya.

5. Kwanon fari a kai wa wanda ba shi da shi. Sa'an nan a kai wa maƙwabta Musulmi, gama su ma suna tunawa da mu ran sallarsu. A ba mahauci ko maƙwabci ya yanka dabbar, domin kowa ya ci da kwanciyar rai.

6. Samari su yi wasa su yi murna, amma ban da giya da ƙwaya da tseren babur. Iyaye su san inda 'yan matansu suke da dare.

7. Maigida ya sa hannu a kan kowane yaro ya sa masa albarka da sunansa. Wannan ba ya cin ko dala, yaro kuwa ba ya manta shi.

Tun daga shekarar nan, kowace 30 ga Disamba ni da uwargida mukan shiga rumbu da fitila. Wata shekara mukan yanka akuya, wata shekara kaza, akwai kuma shekarar da ɗanwake muka ci. Ban taɓa jin yaran sun ce wata ta fi wata daɗi ba, in dai kowa yana nan.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne mafarin shekara uku ne ake sani a garinmu, yaya kuma suka bambanta?

2. Me ya sa rumbu yake ruɗin maigida a watan Janairu?

3. Tiya nawa gidanmu yake ci a yini? Dami nawa muke bukata kafin sabon hatsi, nawa kuma muke da shi?

4. Mene ne bambancin ajiyar Yusufu da ta mai arzikin nan na Luka sura 12?

5. Wa za mu kai wa kwanon fari bana? Da wa ya kamata mu sulhunta kafin dare ya raba?

ADDU'A

Ya Ubanmu, mun gode domin ka kawo mu ƙarshen wannan shekara da rai. Kai ka ba da ruwa, kai ka ba da ƙarfin noma. Ka gafarta mana inda muka yi almubazzaranci, da inda muka yi rowa. Ka ba mu hankali mu riƙe abin da ka ba mu, ka ba mu zuciyar tunawa da mayunwaci. Ka kiyaye 'ya'yanmu da suke hanya, ka ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da damina mai albarka, ka sa mu zauna da maƙwabtanmu cikin amana. Shekarar da muke shiga ba mu san ta ba, amma kai ka san ta. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.